Dutsen Taimamar Inna

Mahaifiyata 'yar Riruwai ce, can cikin duwatsun Doguwa, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda ƙauyenmu na gefen Burumburum ya kai a kira shi gari ba. Wai ruwanmu ba daɗi, rana ta yi yawa, ƙasar kuma a shimfiɗe take, ba inda ido zai tsaya ya huta. Baba ya same ta ne lokacin da ya je can haƙar kuza yana saurayi. Kuzar ba ta tsinana masa komai ba sai tari, amma dai ya dawo da mata. Cikin kayan da aka rako ta da su akwai wani dutse da gwaggonta ta jefa a kwando, ta ce ba ta sani ba ko mutanen da za a kai ta wurinsu suna da dutsen kirki.

Girmansa kamar ƙaramar kabewa. Launinsa ja ne mai duhu irin na hanta, da ɗige-ɗigen fari a jikinsa, da wasu siraran layuka da suka karkace suka zagaye shi. Duk ƙauyenmu babu irinsa. Namu duwatsun ko dai marmara ce mai ruɓewa a hannu, ko kuma toka-tokan nan mai kaushi da ake fasawa a yi harsashin gini. Na Inna santsi gare shi, ga nauyi, ga sanyi ko da rana ta take. Da shi take dandaƙa citta, a kansa take wasa wuƙa, da shi ake tokare ƙofar ɗakinta idan iska ta taso. Wanda ya ɗauke shi bai mayar ba, ranar zai ji tarihin kakanninsa.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Kai wannan," shi ne sunana a bakinta. "Kai wannan, ajiye mini dutse, ba abin wasa ba ne." To, ni kuma ba abin da nake son wasa da shi kamarsa. Sai in zuba masa ruwa in ga ɗigon nan suna ƙyalli, in yi ta tambaya me ya sa ya bambanta da sauran. Ba wanda ya taɓa ba ni amsa sai "haka Allah Ya yi shi." Gaskiya ne, amma ba ta ishe ni ba.

Da na samu shiga jami'a na zaɓi ilimin duwatsu, Baba ya kusa mutuwa don dariya. Ya ce, "Mutane na tura 'ya'yansu su zama likitoci, nawa ya tafi koyon tsakuwa." Daga ranar ya laƙaba mini suna Malamin Tsakuwa, kuma bai daina ba har a gaban matata da 'ya'yana.

A shekarar ƙarshe ta karatu na zo hutu da 'yar gudumata. Na lallaɓi Inna ta bar ni in ɓalli kaɗan daga dutsenta. Ta ce a kan me? Na ce zan kai makaranta a duba. Ta ce, "Ciwo yake yi da za a duba shi?" Sai da na yi mata kwana biyu ina naci, na ɗebo ruwa, na faskara itace, kafin ta ce in ɗauka in ba ta wuri. Na ɓalle gefe guda, wurin ya bar tabo mai kusurwa uku, cikinsa ya fi bayan haske. Ta juya dutsen ta duba, ta ce na yi masa wushirya.

A makaranta muka yanka ɓallin, muka yi ta goge shi a jikin gilashi har haske ya riƙa ratsa shi, sannan na sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Wallahi ban manta abin da na gani ba. Ɗigon nan masu ƙyalli ƙanƙara ce, irin farin dutsen da yara ke ƙyasta wuta da shi. Fararen masu kusurwa kuma wani ma'adini ne da muke kira felsfa. Shi felsfa iri biyu ne, akwai mai sinadarin kanwa da gishiri, akwai mai sinadarin alli, kuma da gwargwadon waɗannan ukun ake raba irin wannan dutse gida-gida. Idan ƙanƙara ta yi yawa kuma felsfa mai kanwa ya rinjaya, sunansa rayolait. Idan ƙanƙarar ta yi ƙaranci ya koma tirakait. Idan mai allin ne ya fi yawa, dasait ke nan. Dutsen Inna cike yake da ƙanƙara da felsfa mai kanwa, ba gardama a kansa. Rayolait ne, dutsen aman wuta.

Na dawo gida kaina ya yi girma, na zaunar da ita ina yi mata karatu. Na ce kayan da ke cikin dutsenta kusan su ne a cikin toka-tokan da muke gini da shi. Bambancin kawai, namu ya huce ne a hankali can ƙarƙashin ƙasa, ƙwayoyinsa suka samu lokaci suka girma kamar tsaki. Nata kuwa fitowa ya yi sarari yana narke, ya daskare da sauri, ƙwayoyin suka tsaya kamar gari, sai 'yan waɗanda suka riga suka girma tun a ciki, su ne ɗigon. Layukan kuma sawun malalarsa ne, don irin wannan narkakken dutse kauri gare shi kamar talge, ba ya gudu. Na ce mata duk duwatsun garinsu, miliyoyin shekaru da suka wuce, bakin wuta ne.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Garinmu? Mu da muke kwana da bargo?"

Na ce tun kafin a yi mutane ne.

Ta ce, "To wa ya gani ya faɗa muku?" Sannan ta juya wajen Baba. "Malam, ka ji abin da ka biya aka koya masa." Sunan kuwa ko gwada faɗarsa ba ta yi ba. Ta ce ita dutsen Gwaggo ta sani. Amma bayan na tafi, ƙanwata ta ba ni labari cewa duk matar da ta shigo gidan sai Inna ta nuna mata tabon, ta ce an kai dutsenta jami'a.

Ciwon ajalinta ya ɗauke ta kusan shekara. Jikinta ya kumbura, fatar hannu da ƙafa ta tsattsage, ruwa ya zama abin da ba ta iya jurewa ko an ɗumama shi. Liman ya ce ta riƙa taimama, ya ce dutse ma ya isa tunda daga ƙasa yake. Baba da kansa ya wanke dutsen citta da wasa wuƙa, ya shanya shi, ya ajiye mata a gefen gado. Sau biyar a rana take ɗora tafukanta a kansa ta shafa fuska da hannu. Wani zuwa da na yi na tarar ta idar da salla amma ta mayar da hannunta kan dutsen. Ta ce, "Kai wannan, sanyin garinmu ne a jikinsa, ku kuma kun ce wuta."

Ranar da aka kai ta, Baba ya ɗauko dutsen a ƙarƙashin rigarsa, ba wanda ya lura sai da aka gama mayar da ƙasa. A wurinmu ba a rubuta suna a kabari. Wani ya kafa reshe, wani ya kifa fasasshiyar tukunya, yawanci dai a ɗora dutse wajen kai, shi ke nan. Matsalar ita ce duwatsun duk iri ɗaya ne, bayan damina biyu ba ka iya rantsuwa a kan naka. Baba ya durƙusa ya dasa na Inna, ya danna shi da tafin hannu. Wani dattijo ya fara gunaguni, liman ya ce alama ba laifi ba ce muddin ba gini aka yi ba. Ko daga bakin maƙabarta kana hango jan dutsen nan a tsakanin masu toka-toka.

Daga nan Baba bai taɓa fashin ziyarar Juma'a da hantsi ba sai in ba shi da lafiya. A gefen kabarin, wajen gindin wata darbejiya, akwai fili da ya rage wanda zai ɗauki mutum ɗaya. Ya nuna wa masu tonon kabari, ya nuna mini, ya nuna wa Kawu, yayan Inna, wanda shi ma ya daɗe da dawowa ƙauyenmu da zama. Ya ce, "Nan za ku sa ni." Mutumin da bai taɓa kiran sunanta a gabanmu ba, bai taɓa cewa yana kewarta ba, iyakar abin da ya roƙa a duniya ke nan. Da shekaru suka ja, yanar ido ta rufe masa gani, sai ya zamana da lalube yake gane wurin. Ya bi duwatsun da hannu ɗaya bayan ɗaya, har ya kai kan mai santsi.

Sai ga wata damina mai ƙarfi. Akwai kwari a bayan maƙabartar, da can ɗan rami ne da awaki ke tsallakewa, amma a shekarar ya buɗe baki ya fara cin ƙasa. Ya ci darbejiyar nan da saiwarta, ya doso kaburbura. Mai unguwa ya kira gayya. Jama'a suka fito da buhunan yashi da baro da fartanya don a yi shinge a tare ruwan. Buhu ya ƙare, ana buƙatar abin da zai danne, ga hadari yana haɗuwa. Wani ya ce ga duwatsu nan birjik a cikin maƙabarta. Suka bi tsohon ɓangaren kaf suka kwashe, suka zuba a bakin kwarin. Da suka gama, don su kyautata aiki, suka nome ciyawar, suka baje ƙasa a inda ta zaizaye, suka daidaita wurin tas.

Baba yana kwance da zazzaɓi lokacin, bai san wainar da ake toyawa ba. Da ya samu sauƙi ya tafi ziyararsa, ya tsugunna yana lalube, ba dutse ko ɗaya. Mutanen da suka dawo daga gona ne suka gan shi yana rarrafe a cikin rana, yana shafa ƙasa, suka kamo shi suka kawo gida.

Ƙanwata ce ta kira ni a waya. Na baro Kano a ranar, ban ma san yadda na wuce Bagauda ba don ɓacin rai. Ban shiga gida ba, gidan mai unguwa na fara zuwa, kuma ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, duk faɗin dajin nan an rasa dutse sai na kan matattu? Haba! Haba dai!" Ya bar ni na gama zuba. Sannan ya ce, "Ɗana, a ranar da idona na ga likkafani ya leƙo daga bangon kwarin nan. Me kake so in yi?" Ya ce na mahaifinsa ma an kwashe, bai san inda yake ba yanzu. Na juya na fito. Har yau ina jin haushin abin da suka yi, kuma har yau ban san abin da ni zan yi ba da ina wurin.

Washegari na sauka cikin kwarin. Shingen ya kai ƙirjina, dutse kan dutse, laka ta shafe su duk sun zama launi ɗaya. Kawu ya ce in haƙura, wa zai gane dutse a cikin wannan tsibi? Na ce wannan kam aikina ne. Na ɗebo ruwa a bokiti ina watsawa ina dubawa. Marmara, in wuce. Mai manyan ƙwayoyi, in wuce. Na yi ta bi har bayana ya ƙage, rana ta karkata. Can ƙasa-ƙasa, tsakanin buhu biyu da suka fashe, na watsa ruwa sai ja ya fito, da ɗigon fari, da layukan nan. Na zaro shi, na cusa wani a gurbinsa. Na juya gefen, ga tabon gudumata, wushiryar da Inna ta ce na yi masa. Na zauna a cikin laka na yi kuka kamar ranar aka binne ta.

Na kai wa Baba da murnata, Allah Ya sani. Yana zaune a zaure. Na ɗora masa a cinya, ya bi shi da yatsu, ya tsaya a kan tabon, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Shi ne. Alhamdu lillahi. Allah Ya yi maka albarka." Sai ya miƙo mini. "To, je ka mayar mata."

Na karɓa, amma ban tashi ba.

Ya ce, "Ka ji ni kuwa?"

Na ce, "Baba, a cikin kwarin na same shi. Ban san daga inda aka ɗauko shi ba."

Ya ce, "Kai da ka ce ka san inda yake tun kafin a yi mutane, ba ka san inda yake bara ba?" Ba da zolaya ya faɗa ba, tambaya ce tsakani da Allah. Ya ɗauka karatun ya kai nan. Na so in ce masa e, amma ban iya ba.

Na gwada, kada a ce ban gwada ba. Na duba gindin dutsen inda ya yi shekaru a binne, ƙasar da ta manne masa ja ce mai yashi, amma duk tsohon ɓangaren irin ƙasar ke nan. Na nemi inda darbejiyar take, kwarin ya cinye wurin har da abin da ke kewaye, ba kututture ba saiwa. Na tara waɗanda suka halarci jana'izar, da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Kawu ya tsaya a wani wuri ya ce nan ne, ya rantse. Liman ya matsa can gaba ya ce shi a nan ya tsaya ya yi addu'a. Tsohon mai tonon kabarin ya nuna wani wurin dabam, daga baya ya ce a gafarce shi, ya binne mutane da yawa. Na tambayi waɗanda suka yi gayyar ko wani ya tuna ɗaukar jan dutse. Suka ce ruwa na bisa kansu, wa ya tsaya kallon launi?

Iyakar abin da na iya shi ne na ware wani fili da bai fi tsakar gidanmu ba, na ce a cikin nan take, in dai kwarin bai riga ya kai gare ta ba. Wannan na ƙarshen ban faɗa wa Baba ba. Na ɗauke shi a babur ranar Juma'a, na tsayar da shi a gefen filin. Ya ce, "Ina zan fuskanta?" Na juya shi. Ya yi sallama ga mutanen wurin gaba ɗaya, ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa. A hanyar dawowa ya ce, "Sallamar jam'i na yi mata, kamar baƙo."

Ya sake kiran masu tonon kabari ya tuna musu alkawari. Suka ce ba za su sa diga a tsohon ɓangaren ba, tunda ba alama, duk inda suka sara suna iya faɗawa kan mutum. Gaskiyarsu ce, shi ma ya san gaskiyarsu ce. Bai ƙara tayar da maganar ba, bai kuma ƙara zuwa maƙabarta da ƙafarsa ba.

Tarin kuza da ya kwanta shekara da shekaru ya tashi a kakar da ta biyo. Ya rame, ƙirjinsa ya riƙa kuka, ruwa ya zama in ya taɓa shi sai ya kwana yana shiɗewa. Liman ya ce ya yi taimama. Ƙanwata ta fita neman dutse, ya ce ina za ki, ga shi nan a ƙarƙashin gado. Haka ya ƙare kwanakinsa yana ɗora tafukansa inda ta ɗora nata. Na zo duba shi wata Asabar, na zauna a bakin gadon, na ce, "Baba, in Allah Ya yi ikonSa, ko ni ko ku, wanda ya riga sai a sa masa dutsen nan." Na faɗi haka ne don in faranta masa.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Kada ka sa mini. Nata ne. In ka sa mini, gobe wani zai zo ya ce nan take." Ya yi tari ya huta. "Malamin Tsakuwa, ka riƙe shi. Wataƙila wata rana ka gano."

Mun binne shi a sabon ɓangare, kusa da hanya, nesa da kwarin. Daga kansa zuwa filin da na ware tafiya ce da za ka yi ta kana waiwaye. Na ɗora masa toka-tokan dutse irin na kowa, na sa aka kafa ƙarfe a gefe don kada a maimaita.

Yanzu koyarwa nake yi, kuma abu na farko da nake gaya wa ɗalibai idan muka fita daji shi ne kada su kawo mini dutsen da suka tsinta a yashe. Sai wanda suka ɓalla daga jikin uwarsa, suka san gurbinsa. Wanda ruwa ko mutum ya gusar, za ka iya faɗin sunansa da abin da ke cikinsa, amma ba ya ba da shaidar wuri. Sukan rubuta su gyaɗa kai. Ban taɓa gaya musu inda na koyi wannan da gaske ba.

Dutsen yana ɗakina, gefen dardumar salla. Duk lokacin da zan je gida sai in sa shi a mota, matata ta daina tambaya. Nakan fara zuwa wurin Baba in gaishe shi, sannan in taka zuwa tsohon ɓangaren. Ciyawa ta rufe shi, shingen yana nan, kwarin bai ƙara ci ba. Nakan shiga filin a hankali, ina kaffa-kaffa da inda zan sa ƙafa, don ban san a kan wa nake ba. In ce ko nan ne, in matsa, in ce ko nan. Sai in tsaya da dutsen a hannu har ya yi mini nauyi, sannan in mayar da shi mota.